Gurbin Ja

Shekara hamsin Kawu Modi na rina fata a shiyar Majema,
bai taɓa rubuta launi ko ɗaya ba.
Karan dafi da kanwa, da yatsa yake auna su,
da hanci yake sanin bagaruwa ta jiƙa.
Bana yana ta sauka a idonsa na dama,
sai ya aiko yaro har Runjin Sambo:
a ce wa Luba ta zo da kwamfutarta.

Na buɗe rumbun bayanai a kan tabarmarsa,
na ware gurbin rubutu, na ce wa yaran shago
kowa ya zuba abin da ya gani.
Bayan kwana tara na dawo na tarar da kasuwa:
ja, jaa, ja wur, jaja-jaja,
jan goro, jan Talata,
wani ma ya rubuta "irin na Alhajin Illela."
Na nemi ja, rumbu ya miƙo min uku,
sauran arba'in sun ɓuya a bayan haruffa.

Na gwada gurbin lamba.
Ya haɗiye komai salin-alin,
ya amayo min miliyan tara da 'yan kai.
Wa zai dubi wannan ya ga fata?

Dare biyu na zauna, janareta na tari a zaure,
na ƙera gurbi nawa na kaina.
Na sa masa mai gadi a bakin ƙofa:
alama guda a gaba, mai kama da gidan dara,
sai baƙi shida, ba biyar ba, ba bakwai ba.
Biyu na ja, biyu na kore, biyu na shuɗi,
kowanne daga sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar.
Ka zo da ƙaramin baƙi, ya ɗaga shi ya zama babba.
Ka zo da "jan goro", ya ce koma gida.
Yana naɗe launi kamar ƙullin magani,
ranar da ka tambaya ya kwance maka shi a kan allo.

Muka shanya fatun a inuwa ɗaya, ƙarfe goma,
ina ɗauka da kyamara, shi yana faɗin suna.

#8B1A1A

Na juya masa allon.
Ya matso da idon hagu har gemunsa ya share gilashi.
"Mi kic ce sunanai?"
Na karanta masa, baƙi bayan baƙi.
Ya yi dariya har da tari.
"Lambag ga ba ta yi ƙarya ba,
amma jan hantsi na kik kama.
Dawo da la'asar."

Na dawo.
Fatar nan dai, igiyar nan dai,
ja ya sauka da goma sha ɗaya.
Ban yi musu ba.
Na buɗe wa lokaci gurbi a gefe,
kowane launi da sa'ar da aka gan shi.

Layi ɗari biyu da sha uku muka cika kafin azumi.
Na gaba shi ne ya tsaya mana.
Shekarar da Rima ta yi ambaliya, in ji shi,
ruwan rijiya ya sake ɗanɗano,
wani ja ya fito a tukunya, fata bakwai kacal.
Wani Buzu ya saye su duka, ya yi arewa.
Ko ƙyalle bai rage ba.
Ya sha gwadawa, ja bai sake amsa sallama ba.

Na koma wurin mai gadina,
wanda ba ya sassauta wa kowa ko da baƙi ɗaya,
na koya masa ya bar babu ta wuce.

Yanzu in na je gaishe shi ranar Juma'a
ba ya tambayar ɗari biyu da sha ukun nan.
Cewa yake in buɗe masa na ƙarshe.
Akwatin fari fat, ba komai a ciki.
Ya daɗe yana kallo da idon da ya rage,
sannan ya ce in ɗan rage hasken allon,
wai ya fi haka duhu kaɗan.